Kwamfuta a Cikin Rumbu

Ranar da aka kawo Yaya Asiya gida Argungu goyon ciki, akwatinta yana bayan mota, jakar kwamfutarta kuwa ba ta yarda an raba ta da ita ba. Ni ce a gefenta. Shekara biyu ina zaune a gidanta a Badariya, cikin Birnin Kebbi, ina taya ta aikin gida, don haka duk abin da ke cikin kwamfutar nan a gabana aka tara shi.

Yaya injiniya ce, ta hanya da gada da kwalbati. A unguwarmu an daina kiran gidanmu da sunan Baba, gidan su Injiniya ake cewa. Shekara huɗu ta yi a wani kamfanin 'yan kwangila. Ita ke zana kwalbati a ofis, maza su naɗe takardar su tafi da ita wurin aiki, wai rana ba ta mace ba ce. Da ta yi aure, manajansu ya taya ta murna, ya ce ai yanzu sai haihuwa. Wata biyu bayan nan aka rage ma'aikata, sunanta ne na farko a takarda.

Ta yi wata uku ba ta son magana. Daga nan ta fara koyon kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta bi. Na tambaye ta yadda abin yake, ta ce, "Kamar in rubuta wa wanda bai taɓa ganin tukunya ba yadda ake tuwo. In na manta ban ce ya hura wuta ba, zai zauna yana tuƙa ruwan sanyi har gobe, kuma laifina ne." Daga bidiyo a waya ta fara. In an ɗauke wuta ta rubuta a littafi, in an kawo ta kwafe. Wani lokaci allon ya cika da jan rubutu, ta dafe kai, ta ce da gada ce da ta ga inda ta tsage da idonta. Haka ta yi shekara ɗaya da wata biyu.

Sannan ta samu Madam Omolola. A Nasarawa aka haife ta, inda mahaifiyarta ke sayar da atamfa har yau, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Yanzu tana Legas, tana da ƙaramin kamfani mai yi wa masu injin casar shinkafa manhaja. Ta ɗauki mutum biyar gwaji na wata uku, kowa daga gidansa, a ƙarshe za a zaɓi biyu. Aikin ƙarshe kuma za a miƙa shi ranar Juma'ar ƙarshen Agusta, kafin ƙarfe huɗu.

Yaya ba ta gaya mata tana da ciki ba. In suna taro ta bidiyo, daga wuya zuwa sama kawai ake gani. Sau ɗaya na ce mata ko za ta faɗa.

"Sharifa, an kore ni a kan cikin da ban ma ɗauka ba. Balle wanda ya fito." Ta gyara zama. "Kuma da wane baki zan kalli mutum in ce ina da ciki? Likita ya ce sai tsakiyar Satumba. Zan miƙa aikina, a ɗauke ni, sannan in haihu."

Yarinyar ba ta ji maganar likita ba. Ranar wata Asabar ta zo, saura kwana goma sha uku a miƙa aiki.

Gwaggo Riskuwa, yayar Baba, ita ke wankan jego a danginmu. Tun da asuba za ta iso, a ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa wa mai jego, safe da yamma, kwana arba'in. Bayan wanka kunun kanwa da gasasshen nama, sai kwanciya a ɗaki mai ɗumi, ba fita, ba shan iska. Ba mai musu da Gwaggo a kan wannan. Shekara takwas da suka wuce ɗiyarta Rukayya ta haihu, mijin ya ɗauke ta kafin ta yi kwana ishirin, jikinta ya kumbura, ta rasu. Likitoci sun faɗi nasu dalilin. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta, don ba ta gama wanka ba, kuma tun daga ranar ba ta sake barin mai jego ta tsallake ko wanka ɗaya ba.

A ɗakin Inna ana iya kiran waya, amma intanet ba ya kamawa. Wuri ɗaya yake kamawa a gidanmu, can baya, kusa da rumbu, gindin darbejiya. Kwana uku da haihuwa Yaya ta fara buɗe kwamfuta a kan filo, tana dannawa da hannu ɗaya. A na huɗu ta lulluɓa da bargo, ta lallaɓa baya don ta tura abin da ta yi. An yi ruwa da safe, iska na kaɗawa. Ko zama ba ta gama gyarawa a kan turmi ba Gwaggo ta ɓullo.

"La'ilaha illallahu! Ke Asiya, mi nike gani haka?"

"Gwaggo, minti biyar ne kawai."

"Minti biyar! Sanyi agogo gare shi? Ɗanyen jiki, iskan damina, kin zo kin zamna bisa turmi kamar mai saida gyaɗa. Tashi!"

"Ya kusa tafiya, wallahi. Dubi, ya kai rabi."

"Ke ma kin kai rabi. Tashi ko in tashe ki."

Ta rufe mata kwamfutar da hannunta, ta tasa ta a gaba har ɗaki. Aikin bai tafi ba.

Ranar suna aka sa wa yarinya Ummu Hani. Gida ya cika da mata. Da suka shiga ganin mai jego, suka tarar da ita ta juya wa ƙofa baya, jaririya a gefe tana barci, kwamfuta a gabanta, igiyar caji ta miƙe har bango. Wata maƙwabciyarmu ta riƙe baki ta ce, "Ashe tagwaye anka samu, ba a hwaɗa muna ba. Ga ɗaya mai wutsiya." Ɗaki ya ɗauki dariya. Yaya ma ta yi murmushi. Inna ce ba ta yi ba. Na ga ta fita tsakar gida tana juya shinkafar da ba ta buƙatar juyi.

Washegari, Lahadi, Yaya na bayan ɗaki Gwaggo na mata wanka, Inna ta kira ni. Kwamfutar na hannunta, ta riƙe ta nesa da jikinta kamar kaskon wuta.

"Amshi. Ki kai ta inda waccan ba ta gani."

Waccan ita ce Yaya. Ɗiyar fari ce, Inna ba ta faɗin sunanta, ba ta kuma cika yi mata magana kai tsaye ba.

"Inna, ranar Juma'a za ta..."

"Na ji Juma'a har kunnena ya toshe. Ni ma kar ki hwaɗa min inda kin kai ta, don in an tambaye ni in rantse ban sani ba. Ranar arba'in ki ba ta abinta." Ta kama hannuna da ƙarfi. "In kin hiddo ta kahin nan, Sharifa, ban yahe miki nonon da kin sha ba."

Inna ba ta taɓa gaya min irin wannan maganar ba. Na karɓa. Na sa ta a leda biyu, na naɗe da tsohon zanena, na jingina tsani a rumbu, na ɗaga murfin, na tura ta cikin shinkafar bara da ba a casa ba, har hannuna ya nutse zuwa kafaɗa. Ina saukowa ina jin fyaɗar ganye da muryar Yaya tana cewa, "Gwaggo, a hankali, fata ce, ba kwalta ba."

Ta fito jikinta na tururi, ta shiga ɗaki, ta ɗaga filo. Ta ɗaga bargo. Ta leƙa ƙarƙashin gado. Sannan ta fito bakin ƙofa. Inna na zaune taku uku daga gare ta tana gyaran zogale.

"Inna, ina kwamfutata?"

"Sharifa, hwaɗa mata an aje mata. Ba ta ɓace ba, ba a saida ba. Ranar arba'in."

"Inna, don girman Allah. Shekara ɗaya da wata biyu na yi ina koyon abin nan. Kwana biyar suka rage."

"Hwaɗa mata ni wata tara na yi, da shekara talatin bisa kai."

"To ku bar ni in yi a ɗaki, ba zan fita ba. Sharifa ta kai min baya ta tura."

Gwaggo ta taso tana goge hannu da bakin zane. "A ɗakin ma mun gani. Kunu ya huce gabanki, ɗiya na kuka kina ce mata kina zuwa. Idonki ya yi ja kamar gauta. Mai jego barci taka yi, ta ci, ta ba da nono. Aiki ba ya gudu."

"Wannan yana gudu, Gwaggo."

"To Allah raka taki gona."

Da suka watse, Yaya ta jawo ni cikin ɗaki, ta sassauta murya. "Kin ga inda aka kai ta?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Ta yarda nan take. Ko kallona na biyu ba ta yi ba, don ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Ran Litinin ta tari Baba ya dawo daga fadama, ƙafafunsa duk laka. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama, yana wanke ƙafa da buta.

"Wanga sha'anin mata ne, Injiniya, ba ni shiga." Ya zuba sauran ruwan. "Aikin da na san kina yi, mutum na taka shi da ƙahwa ya ƙetare ruwa. Wanda kin koma, ban san mi zan ce ma uwarki a kanshi ba."

Sai ta kira mijinta. Yaya Sunusi malamin sakandare ne, mutumin kirki, shi ya saya mata kwamfutar tun farko. A waya na ji shi yana cewa ta kwantar da hankalinta, zai zo ya yi wa Inna magana da kansa, in ta kama ya aro mata wata. Ta ce aron ba zai yi ba, aikin mako uku yana cikin waccan, ba ta samu ta tura shi ba, kuma ba ta iya sake shi cikin kwana huɗu.

Ran Laraba ya iso daga Birnin Kebbi da ledar nama da lemo. Tun daga zaure ya cire takalmi. Ya durƙusa a tsakar gida, idonsa a ƙasa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya gefe. Suka gaisa. Ya gida, ya ruwa, ya mai jiki, ya kwanan jaririya, ya mutanen Birni. Da gaisuwa ta ƙare suka sake ta daga farko. Yaya na bayan labule, ina jin numfashinta.

"Inna, dama..." Ya share gumi. "Dama na ce, kan maganar ita... maganar da ta..."

Gwaggo ta aje ludayi. "Maganar mi, angon ƙarni? Ka ƙosa ne? Saura kwana ishirin da takwas, ka daure. Wanda ya yi haƙurin wata tara."

Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya, har da guɗa. Yaya Sunusi ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "A'a, Gwaggo, ba haka ba ne," ya ce Allah ya saka da alheri, ya ce Allah ya bar zumunci, ya ja da baya har ya yi tuntuɓe da takalminsa. Daga tasha ya turo wa Yaya saƙo cewa ta yi haƙuri, ba ya iya ɗaga ido gaban Inna.

Na ce mata, "Yaya, ki kira Madam ki gaya mata gaskiya."

Ta ɗauki waya ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. A ƙarshe abin da ta tura shi ne kwamfutarta ta samu matsala, ko za a ƙara mata kwana. Amsa ta zo kafin la'asar. Madam ta ce ta yi ƙoƙari ta gyara, ranar ɗaya ce ga kowa, ba za ta ɗaga wa mutum ɗaya ta bar huɗu ba.

Ran Alhamis Yaya ta bincike gidan. Duk lokacin da Gwaggo ta koma gidanta tsakanin wankan safe da na yamma, sai ta tashi tana dafa bango. Ta buɗe akwatunan Inna, ta sauke jeren kwanoni, ta leƙa randa, ta shiga ɗakin girki ta ɗaga buhunan gawayi. Inna na kallonta ba ta hana ba, tun da ita ma ba ta san wurin ba. Ta wuce ta gindin rumbu sau biyu. Na ga ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi tsanin da ke kwance a ƙasa, ta dafe mararta, ta wuce.

Ta dawo ta zauna bakin gado tana haki. Na miƙa mata Ummu Hani.

"Awa biyu, Sharifa," ta ce. "Na gama aikin. Gyara ɗaya ya rage, a wurin da ke lissafa buhunan da suka shiga inji, sai turawa. Na san ma layin da zan taɓa, ina ganinsa in na rufe ido." Ta sa wa yarinyar nono. "Kin san abin da ya fi min ciwo? Na iya abin nan. A wancan aikin ba a bar ni na san ko na iya ba. Wannan na sani."

Na ɗauki kwanon kunu na fita da shi, na tsaya a bayan ɗaki har ya huce a hannuna.

Ranar Juma'a gari ya waye da rana. Gwaggo ta yi wankan safe ta tafi. Wajen ƙarfe ɗaya Baba ya sa babbar riga ya nufi masallaci, unguwa ta yi tsit. Yaya na kwance ta juya fuska bango, wayarta a hannu. Na leƙa, Inna na ɗakin girki.

Na zagaya baya, na ɗaga tsani. Na hau, na buɗe murfin rumbun. Na tona, na tona, na ɗauka ta nutse ƙasa, sai yatsana ya taɓa zane. Na jawo ta, na sa a cikin hijabi, na matse da hannu ɗaya. A raina na ce awa biyu ne, in ta gama in mayar, ba wanda zai sani, in ya so Allah ya yi min hukunci da niyyata.

Da na zagayo, Inna ta fito. Ta shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakin da Yaya take, faifai a cinyarta, tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Na tsaya. Ta ɗago ta dubi fuskata, ta dubi inda hijabina ya yi kusurwa. Ba ta ɗaga murya ba, ta yi ƙasa da ita yadda ni kaɗai zan ji.

"Ni na riƙe ƙahwahun Rukayya ranar da anka wanke ta. Sun kai wanga faifai hwaɗi." Ta jefar da tsakuwa ɗaya. "Wuce, in kina iyawa."

Ta janye ƙafarta ta ba ni hanya. Taku biyu ne tsakanina da labule. Daga masallaci ana jin liman ya fara huɗuba. Ina jin kwamfutar a kan cikina, ina jin Ummu Hani na ƙananan kuka a ciki, Yaya na ce mata, "Yi shiru, yi shiru." Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta sake kallona ba.

Na juya. Na hau tsani na mayar da ita inda na ɗauko.

Ƙarfe uku da rabi Gwaggo ta dawo, aka hura wuta. Ƙarfe huɗu daidai ta leƙa ɗaki ta ce, "Injiniya, ruwa ya yi." Yaya ta dubi wayarta, ta kife ta a kan gado, ta tashi ba musu. Kullum in ana wanka sai an ji ta tana tsokanar Gwaggo ko tana salati da ƙarfi. Ranar ba a ji komai ba sai ganye da ruwa.

Bayan biyar waya ta yi ƙara. Yaya na ba da nono, ta ce in ɗauka in buɗe murya in riƙe mata.

"Asiya, Omolola ce. Lafiya kuwa? Har huɗu da kwata ina duba akwatin saƙona."

"Lafiya lau, Madam. Ki yi haƙuri. Kwamfutar ce..."

Nono ya suɓuce wa Ummu Hani, ta tsala kuka. Yaya ta yi sauri ta mayar mata, amma an riga an ji.

"Tsaya. Kukan wa nake ji?"

Yaya ta ƙara rungume yarinyar.

"Asiya, wannan kukan sabon haihuwa ne, yarana uku, ba a ɓoye min shi. Naki ne?"

"Eh, Madam."

"Kwana nawa?"

"Sha huɗu."

"Ke! Wato wanka kike yi? Kina gida wurin tsofaffi?" Muka ji ta buga wani abu, kamar tebur. "Haba, Asiya. Haba! Ni fa 'yar Nasarawa ce. Da Mama ta haifi autanmu, maƙwabtanmu ne suka yi mata wankan nan, ni ke ɗebo itace. Na san ba a barin mai jego ta ɗaga ko tsinke. Da kin ce min kalma ɗaya, ɗaya tak, da na ɗaga miki wata guda, ba wanda zai ce uffan. Sai kika ce min kwamfuta."

"Na ji tsoro, Madam."

"Tsoron wa? Ni?"

"Yanzu fa? In na samu... in na turo gobe?"

Muna jin hon ɗin motoci ta wajen Madam.

"Huɗu da rabi na tura sunaye. An riga an aika wa mutum biyu takarda, ɗaya har ya kira ni yana kuka. Ba zan ƙwace abin da na ba mutum ba. Aikinki na wata biyun farko ya fi na kowa a cikinsu, shi ya sa na kira ki da bakina, ban turo saƙo ba." Ta ja numfashi. "Wataƙila baɗi mu sake ɗauka, ban yi alkawari ba. Me aka samu?"

"Mace."

"Allah ya raya. Ki sha kununki."

Ta kashe. Na ci gaba da riƙe wayar a gabanta, ban san inda zan aje ta ba. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa yarinyar kai, ta ɗago ta dube ni, idonta ya tsaya a kafaɗata. Ta miƙo hannu ta ciro wani abu daga ɗinkin hijabina. Ƙwayar shinkafa ce da ɓawonta. Ta ciro ta biyu a bakin hannun rigata. Ta aza su a tafin hannunta tana kallo.

"Rumbu," ta ce.

Na aje wayar a kan gado.

"Ɗazu da ana huɗuba na ji taku ya zo har ƙofa ya tsaya. Na ɗauka kaza ce." Ta rufe hannun. "Ke ce?"

Na ɗaga kai.

"Tana hannunki?"

"Inna ta ce ba za ta yafe min ba, Yaya."

"Na tambaye ki ran Lahadi."

Ta zubar da ƙwayoyin a ƙasa, ta ce in miƙo mata zanen goyo.

Sauran kwana ishirin da shida ta yi su yadda ake so. Ta sha kunu har tana neman ƙari, ta ci nama, ta yi barci. Ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi. Duk matar da ta shigo sai Gwaggo ta nuna ta, ta ce, "Ku dubi aikin ruwan zahi. Da mun biye ma boko da yanzu wani zance aka yi." Yaya ta ce, "Haka ne, Gwaggo." Ni ma tana min magana. Kawo ruwa, ɗauki yarinya, rufe taga. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, na so ma ta zaga.

Ranar arba'in, bayan wankan ƙarshe, Inna ta ce in ɗauko. Na kawo a gaban kowa, na warware zanen. Yaya ta karɓa, ta busa ƙurar da ke jikin ledar, ta sa a akwati ba ta buɗe ba. Gwaggo ta ce, "Kin gani? Ko ɓera bai taɓa ta ba. Yanzu ki danna har yatsa ya gaji."

Da hantsi Yaya Sunusi ya zo da mota. Tun jiya na haɗa kayana, na fito da jakata na aje kusa da akwatinta a zaure. Ta fito da Ummu Hani a kafaɗa, ta yi sallama da Baba, ta durƙusa wa Gwaggo, ta gaida Inna daga nesa. Da ta zo zaure ta ga jakar.

"Ta wa ce wannan?"

"Tawa ce, Yaya."

"Mayar da ita ciki. Zan iya da kaina."

Yaya Sunusi ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe. Ya ɗauki akwatin ya kai mota. Na tsaya a zaure har suka sha kwana wajen masallaci.

Daga cikin gida Gwaggo ta ƙwala min kira, wai in zo in kankare baƙin babbar tukunya tun da sauran rana, gobe akwai mai haihuwa a gidan ɗan'uwanmu Sama'ila da za a kai wa.